Matar Mai Injin Niƙa ta Thornclough

Litinin, 1 ga Oktoba, 2018
Shugabanmu Mista Pickersgill ya jibge min kundi goma sha biyu na wata tsohuwar mujallar mata, wai in ɗauki hoton kowane shafi a zuba a kwamfuta. Shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin karatun nan, har yau ni ce mai shaƙar ƙura a ɗakin ƙasa. "Hilary, ai ke ce mai haƙurin cikinmu." Daɗin baki.

Laraba, 3 ga Oktoba
Shafin baya ya fi daɗi, na amsa wasiƙu. Ba sa buga tambayar, sai amsar kawai, ƙarƙashin sunan ɓoye, kai ka canki abin da ya dami baiwar Allah. An ce wa wata ta rage karanta labaran soyayya, su ke sa mata jiri. Wata kuma ta daina yi wa miji musu a gaban baƙi. Na sha dariya ni kaɗai. Editan nan ba abin da bai sani ba, har haƙori yana cirewa ta wasiƙa.

Alhamis, 4 ga Oktoba
Fitowar Maris, 1868. Na kwafe shi yadda yake:

"Ga Matar Mai Niƙa, Thornclough. Tunda kin rantse mijinki ba ya shan giya, kuma haka mahaifinsa ya yi da ya haura arba'in, to fizgar hannun nan da tangaɗin a jini suke. Babu magani. Ki ajiye shi a ɗakin sama kada maƙwabta su gani, in kina son 'ya'yanki su samu masu aurensu."

Injin niƙa ɗaya ne tak aka taɓa yi a Thornclough. Na gidan Ackroyd. Gidanmu.

Asabar, 6 ga Oktoba
Shekarata arba'in da shida. Kofi biyu na fasa a watan jiya.

Lahadi, 7 ga Oktoba
Na kai wa Gwaggo Beryl, ƙanwar Baba, biskit a gidan tsofaffi. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye ta labarin mahaifinsu, Kaka Wilfred, wanda muka tashi muna jin giya ce ta kashe shi.

"Giya? Mutumin da ko a biki ruwan lemo yake sha?"

"To me ya sa aka ce haka, Gwaggo?"

"Ke 'yar nan, abin kunyar mashayi ai nasa ne shi kaɗai. Wancan ciwon kuwa na kowa ne a gidan." Ta kakkaɓe garin biskit daga cinyarta. "Ni na tsallake. Ubanki haɗarin mota ya riga ɗaukarsa, ba mu sani ba ko yana da shi. Ki bar tone-tone, kin ji ko?"

A mota na yi minti ashirin ina kallon yatsuna a kan sitiyari. Ina jin tsoro. A nan dai zan iya faɗa.

Talata, 9 ga Oktoba
Na duba a intanet, abin da nake hana masu karatu yi. Ciwon yana da suna yanzu, akwai gwajin jini, magani ne dai har yau babu. In uba yana da shi, ɗa ko ya ɗauka ko ya tsallake, rabi da rabi. Da rana hannuna ya fizga, na yaga kusurwar shafi. Na manne na yi shiru. Mai yiwuwa sanyin ɗakin ne.

Juma'a, 12 ga Oktoba
'Yata Imogen, matar Callum, ta kira, baki har kunne, ana jin sa ta waya. "Mama, mun yanke shawara ni da Callum, baɗi war haka sai kin goya jika!" Ba ta da cikin tukuna. Na ce madalla, na ce girki na kan wuta. Ba abin da ke kan wuta.

'Yata ɗaya ke nan. In na faɗa mata, na ɗora mata abin da ya hana ni cin abinci kwana takwas. In ban faɗa ba...

Litinin, 15 ga Oktoba
Matar Mai Niƙa ta sake rubutowa. Ga amsar editan, Yuni, 1874: "Muna taya ki murnar auren ɗanki Josiah. Kin ga amfanin kame baki."

Josiah shi ne kakan Kaka Wilfred. Da ta yi magana, ƙila da ba a ba shi mata ba, da babu ni, babu Imogen. Na so in tsine mata, na kasa. Ita ba ta da wanda za ta tambaya sai wani ƙato a Landan da bai taɓa ganin fuskarta ba.

Alhamis, 18 ga Oktoba
Ruwa tun safe. Na gama kundi na bakwai. Na biya asibiti, ba don komai ba, hanya ce ta bi da ni. Likita za ta tura ni wurin masu gwajin.

Na kira Imogen na ce ta zo ranar Lahadi, ita kaɗai.

"Lafiya dai, Mama?"

Har na buɗe baki zan ce lafiya lau. Sai na ce, "Ban sani ba tukuna. Ki zo dai."