Mundayen Jan Ƙarfe

Zuwa ga 'yata Rahamatu, a Babura.

Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta jikokina. Malam Sama'ilu ke rubutawa, amma bakina ne.

Kin san jan ƙarfen nan da ya sauko ta bayan ɗakin wayar tangaraho na Kazaure, ya shige ramin gawayi da gishiri. Shekara ashirin ina ba shi ruwa kowace safiya, gari na dariya wai Na'Allah na shayar da waya. Ni na haƙa ramin. Tun ranar aka ce mini in tsawa ta hau waya, hanyar ƙasa take nema, kuma sai ramin na da danshi take samunta. In ba ta samu ba, ta jikin mutum take bi.

Talata hadari ya taso. Malam Daudu akawu na buga waya, wuta ta yi jifa da shi har bango. Yana raye, amma hannun dama ya mutu. Na duba, an yanke jan ƙarfen, an cusa guntun a rami don kada a gane. Ashe kwana da kwanaki ina shayar da guntu!

Mutum ɗaya na taɓa tone wa ramin ya ga ƙarfen: mijinki Mamuda, don maƙeri ne, kuma ɗa na ɗauke shi. Gobe za a zauna gaban Hakimi.

Mahaifinki,
Na'Allah

Zuwa ga Rahamatu.

Bayan gaisuwa, ya jikin surukarki Inno? Allah ya ƙara sauƙi.

An zauna. Mamuda ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya shaida wai tsufa ya kama ni, mantuwa nake, watakila tsatsa ta ci ƙarfen ban lura ba. Jan ƙarfe da tsatsa! Maƙeri ya faɗi wannan. Ni da nake iya lissafa miki turakun waya daga nan har Roni, da wanda ya kafa kowanne.

Aka tambaye ni ko ina zargin wani. Na tuna yaranki, na ƙi kama sunansa. An karɓe aikin daga hannuna.

Maƙwabciyata Dela ta ce ta ga sababbin mundaye shida na jan ƙarfe a hannunki ranar kasuwa. Ban ce kin sani ba. Cire su ki ba ta ta kawo mini. Ba gaban Hakimi zan kai ba. Ramin zan mayar da su, can ne gidansu.

Ki gaida yara. Shi kuwa kada ki gaishe shi da sunana.

Mahaifinki, wanda bai manta komai ba,
Na'Allah