Hoton Ɗiyar Asama'u

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Ni na gina gidan nan da hannuna. Na fara da babur guda, ina kai mutane bakin iyaka, yau ina da injin casar shinkafa da gona a Lafagu. Ba wanda ya ɗaga ni. Jiya matata Asama'u ta haihu, mace. Leɓenta a tsage har hanci, ido ɗaya a shafe. Na leƙa sau ɗaya na fito.

Laraba, 7 ga Mayu
Wani ya ɗauki hotonta a asibiti. Yana yawo a wayoyi, har wani abokin cinikina na Binin ya turo mini, bai san tawa ce ba. A ƙarƙashi an sa kalma guda ta Turanci, monstrosity. Wa zan kama?

Alhamis, 8 ga Mayu
Na je wurin Malam Abbas da ya koya mana Turanci a sakandare, na nuna masa kalmar. Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce ana faɗar ta ga halitta mai muni da ta saɓa wa yadda aka saba. Tushenta harshen Latin ne, daga kalmar gargaɗi. Wai mutanen da, in aka haifi irin wannan, sai su ce alama ce daga sama.
Na ce gargaɗin wa, Malam?
Ya ce, "Abdulganiyu, jahilcinsu ne. Ka ga ɗiyar kuwa?"
Na ce injina na jira.

Juma'a, 9 ga Mayu
A masallaci ba wanda ya yi mini barka. Ba wanda ya yi jaje kuma.

Asabar, 10 ga Mayu
Ba ta iya kama nono. Asama'u na tatsa tana ɗura mata da cokali, rabi na fitowa ta hanci. Ta ce, "Maigida, riƙe mini kanta kawai." Na riƙe. Ɗumi gare ta. Ta damƙe mini yatsa, ƙarfi kamar na uwata.

Lahadi, 11 ga Mayu
An raɗa suna, mu bakwai. Mashkura. Na yanka rago, naman ya yi mana yawa.

Talata, 13 ga Mayu
Ashe Zayyanu, wan Asama'u, ya karɓo takardar haihuwa ya bar gurbin uba a fili, wai bai san ko ina so ba. Ba don komai na je ofishin rajistar haihuwa ba, ba na son aiki rabi da rabi ne. Na ce wa akawun ya rubuta Abdulganiyu Ɗanmusa, da manyan baƙaƙe, ina tsaye ina kallo.