Sallama Ba Wuya

Yamai, unguwar Kalley

Zuwa ga Yaya Tabawa a Maradi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarki da ta maigidanki da yara? Ina ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce ɗanta marar ji ne.

Yaya, kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe. Kwanakin baya muna sauke siminti daga kamiyo, babbar motar kaya, na ginin sababbin ofisoshin gwamnati, sai buhu ya kuɓuce wa na sama ya sauko mini a tsakar ka. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙeyata. Na tashi da ƙafafuna, ba jini, ba kumburi. Sai dai kan ya zama kamar ba nawa ba, kamar tulun da aka aza a kan tsinke. Na tallafe haɓa da hannu biyu, haka na tako har gida. 'Yan dako suka bi ni da tafi, wai na fito da sabon salon barkwancin da na saba. Sumana abokina har kwaikwayona ya yi, kuma wallahi ya iya.

Tun ranar wuyan ya karkace, ba dama ba hagu. Ciwon yana hawa daga ƙeya zuwa tsakar ka, fatar wurin ta mutu kamar ta ganga. Haɗiyar fura ma aiki ce. In na ɗan sunkuya sai wani abu ya tsarga mini har yatsu, irin na wanda ya taɓa minjirya a kogi.

A masallaci abin ya ɓaci. Na lallaɓa na yi sallar la'asar a zaune, da aka zo sallama sai na juya da jikina gaba ɗaya kamar ƙyaure. Sahu ya ɗauki ƙus-ƙus. Muna fita, Kawu Adamu ya tsare ni gaban mutane, ya ce wasana ya kai ga salla ke nan, mene ne abin wuya a cikin sallama? Na ce masa, “Wuyan ne, Kawu.” Gaskiyata na faɗa. Har ladan sai da ya dafa bango don dariya.

Yanzu Kawu ya ce in ƙarya ce zai gani, in kuma sanƙarewar barci ce wanzaminsa zai murɗa ta saki. Yaya, tsoro nake ji. Na roƙi a kai ni likita, ya ce likita ta marasa lafiya ce. Ki sa Inna ta aiko wa ƙanenta magana, ita yana jin nauyinta. Kada a bari kowa ya taɓa mini wuya.

Naki,
Ɗan'azumi

Yamai, gidan likita

Yaya Tabawa,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku duka. Ki yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta bi ta kan allo. Da hagu nake yi.

Saƙon Inna ya iso, an karanta mini shi a nan kan gado. Wanzamin ya riga shi. Kawu da Sumana suka danne kafaɗuna, ina rantsuwa suna cewa in bari haka nan, an gane ni. Murɗa ɗaya ya yi. Hannun dama ya faɗi kamar tsumma, ƙafar ta bi shi, numfashi ya koma kamar ana ba ni aro. Da aka ɗaga hannun aka saki ya buge tabarma, Sumana ya ƙara ɗagawa ya saki, ya ga ko zan manta in riƙe.

A amalanke aka kawo ni. Lokotoro mai duba marasa lafiya, wani Bafaranshe da bai koma gida ba, ya ce a yi mini radiyo. Na ɗauka a bakin duniya za a sa ni, kowa ya ji muryata, ashe hoton ƙashi ne, ta cikin baki ake ɗauka. Karon farko ke nan da wani ya roƙe ni in buɗe baki. Tafinta ya ce ƙashi na biyu daga ƙoƙon kai yana da ɗan turke wanda kai ke juyawa a kansa, turken ne buhun ya karya, hannuwana ne suka riƙe shi a wurinsa duk kwanakin nan. Murɗar ce ta gusar da shi ya danne laka. Ya ce da ya ƙara gusawa kaɗan, da ba ni ke ba ki labari ba.

Sun ɗaure ni cikin farin simintinsu daga goshi har ƙugu. Siminti ya karya, siminti ya ɗaure, kin ga gwamnati ba ta bar ni haka ba. Ƙafar ta fara motsi. Hannun, lokotoro ya ɗaga kafaɗa kawai. Wuyan kuwa ko ya ɗinke ba zai ƙara waiwaye kamar da ba. Dako ya ƙare.

Kawu ya zo da goro da lemo. Ya zauna ta inda ba na iya ganinsa, ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce ai da na faɗa masa da gaske nake. Na nemi abin ban dariya in ba shi, yadda na saba, ban samu ba. Da zai tafi ya yi mini sallama daga bakin ƙofa, na amsa wa rufin ɗaki.

Ki ce wa Inna ina samun sauƙi. Wannan kam ƙarya ce, amma za ta yarda.

Ƙanenki,
Ɗan'azumi