Alkakin da Ba Na Lasawa

Kusada,
Fabrairu, 1975.

Zuwa ga ƙanwata Haulatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan sai godiya, in aka cire ni.

Kin tuna ƙishirwa da yawan fitsarin da na yi miki kukansu da Sallah? Maigidana Malam ya kai ni asibitin Kankiya. Suka haɗa fitsarina da wani ruwa shuɗi a 'yar kwalba, suka kara a wuta, ina kallo ya koma ja kamar ƙasar gini. Suka ɗebi jini kuma. Wai ciwon sukari ne. Malamin asibiti ya ce ban da sukari, ban da zuma, ban da rake. Tuwo 'yar malmala ɗaya, sauran cikin in cika shi da wake da zogale da rama. Kowane mako in koma da kwalbata a duba.

Haulatu, ni da ba a kai gara a ƙasar nan sai da alkakina da nakiyata, ni ake hana lasar zuma. Ga kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata sun fito, kowa aure yake yi. Malam kuma ya baza maganar a majalisa, har direban motar kasuwa tambayata yake yi wane launi aka samu yau.

Ki gaishe da yara. Taki,
Rahamatu.

Kusada,
Afrilu, 1975.

Ƙanwata Haulatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga garin maganin da kika aiko. Na gode, amma ke ce ta wajen goma. Kowa a garin nan ya zama likitana.

Na karɓi aikin garar ɗiyar Hassana ta Yashe, na ce Malam ya riƙa ɗanɗana mini. Ashe na ɗauko wa kaina. Mutumin nan ko dusa ka kwaɓa da zuma cewa zai yi ta yi daɗi. Ya ci, ya sa albarka, ya ƙara. Aka kai kaya, washegari sai ga su an dawo mini da su a kwalla: alkaki ya yi tsami, nakiya kimba ta yi mata yawa. Tun da na fara sana'ar nan ba a taɓa yi mini haka ba.

Aikin da ya biyo baya na ɗanɗana da kaina, nan lasa, can gutsura. Kwalba ta fito ja wur. Ga wani ɗan yanka a yatsar ƙafata da ya ƙi warkewa. Malamin asibiti bai yi faɗa ba, ya dai ce in dubi wanda ke ƙarshen benci in zan fita. Manu ne, mai raken nan na garin Sukuntuni da muke saye wurinsa muna yara. Ƙafa ɗaya gare shi yanzu. Har muka iso Kusada ban buɗe lulluɓina ba.

Na mayar da aiki biyu a makon nan. Ban san abin da zan zama ba in na bar tukunya.

Ki sa ni a addu'a. Taki,
Rahamatu.

Kusada,
Agusta, 1975.

Haulatu ƙanwata,

Ina gaisuwa, ya damina, ya yara? Yatsa ta warke, kwalba kuma mako da mako shuɗiya take fitowa, sau ɗaya ta ɗan yi kore. Jinin da suka ɗiba ma sun ce ya sauka. Zogale kam na ci har na fara jin kunyar awaki.

Na koma aiki, kuma ba za ki yarda da wadda ta fid da ni ba. Inno, uwar Malam. Kin san tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa cin tuwona ba tare da ta kushe shi ba. Rannan ta tarar da ni tsaye kan ruwan zuma ina hawaye, ta dangwala yatsa, ta yamutse fuska, ta ce tsamiya ta yi kaɗan. Na ƙara. Ta ce wuta ta yi yawa. Na rage. Haulatu, alkakin nan ya fi wanda nake yi da bakina. Hassana da kanta ta aiko a yi mata na wani suna da za a yi a danginsu.

To ga sakamakona. Tun hantsi Inno ke shimfiɗa tabarmarta a bakin murhuna, kuma ba a kan alkaki kaɗai take tsayawa ba. Shara, ɗaurin kallabina, yadda nake tsugunawa, duk da gyara. Ranar asibiti ita ke tuna mini kwalba, da ƙarfi, a gaban baƙi. Ba dama in tanka, don in ta yi fushi ta koma ɗakinta sana'ata ta tsaya.

Jiya na miƙa mata nakiya, ta daɗe tana mamula, sannan ta ce, "Ba laifi." Na juya baya don kada ta ga fuskata. Ta ce in daina tsayuwa kamar turmi, mai na ƙonewa.

Ki daina aiko magani. In da hali ki aiko wa Inno turmin atamfa, ba ja ba, ta ce ja na 'yan mata ne.

Yayarki,
Rahamatu.