Kwamin Ruwan Bayan Gida

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki da dabbobin mutane? Nawa dai ya tafi. Kwana huɗu karena Malalaci yana zagaye wuri ɗaya, kai a karkace, yana buga goshi a bango. Maƙwabta suka ce haukan kare ne, har mai walda ya zo da ƙarfe. Na ce sai dai ya fara da ni. Yau da safe ya mutu. Shekaranjiya ya lashe min yatsan da na yanke. Gara ki ji daga bakina.

Babanki.

Baba,

Ina gaishe ka, ya haƙuri? Ka je asibiti yau a fara maka allura, ba gobe ba, na san halinka. Kuma don Allah kada ka binne shi tukuna. A cire kan, a sa cikin ƙanƙara, a aiko min. Ciwon ƙwaƙwalwa sai an duba ƙwaƙwalwar. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne.

'Yarka.

Auta,

Gaisuwa. An yi allura, ga saƙo. Ni na riƙe, mahauci ya yanke. Shekara tara kina cewa ba ya gadin komai sai inuwa, to ki taɓa shi a hankali.

Babanki.

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ba hauka ba ne, ka gaya wa mai walda. Sau biyu gwajin yana fitowa babu. Sai na yanka ƙwaƙwalwar siriri na sa a madubin likita, na ga abin da ban taɓa gani ba sai a littafi: amiba, wata ƙwaya da ke zama a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a kwance. Takan shiga ta hanci ta haura kai. Kare ba ya shafa wa mutum.

Har na yi hamdala, sai na tambayi kaina: a ina ya samu? Baba, kwamin simintin da ke bayan gidanmu, wanda rana ke dafawa. Nan kake tsoma shi in zafi ya yi. Nan kuma kake cika butarka, ka shaƙa a hanci sau biyar a rana.

Kada ka ƙara taɓa ruwan. In ka ji ciwon kai, zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ka ruga asibiti da takardar nan. Ina tafe ranar Asabar.

'Yarka mai ƙaunarka.

Auta,

Lafiya lau, kaina garau. Na zubar da ruwan, na sa guduma a kwamin. Yanzu tafasasshe nake zubawa a buta, yayarki na ta tsiya wai na zama jariri.

In za ki zo, ki taho da kansa in haɗa masa da sauran jikinsa. Ashe ya yi gadin.

Sai kin zo.

Babanki.