Na Sabunta Manhaja, Kawuna Ya Sha Zargi

Gwaggo Atika, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, ko mahaifiyata ba ta sani ba.

Ni 'yar Aliero ce, kimiyyar kwamfuta na karanta. Bara ƙungiyar manoman albasa ta yankinmu, wadda ta haɗa mutanen Aliero da Jega da Maiyama, ta nemi wanda zai gina mata shafin intanet na sanarwa: ranar taro, ranar rabon iri, gargaɗi in cuta ta ɓulla a gonaki. Kawuna Ɗalha, ƙanin mahaifiyata, shi ne sakatare. Shi ya kai sunana, ya kuma sha surutu, don wasu dattawa cewa suka yi ba aikin mace ba ne. Ya tsaya kai da fata har aka ba ni. Ni ke kula da shafin, shi ke saka sanarwa.

Shafi irin wannan fayilolin JavaScript ne barkatai, wato yaren kwamfuta da ake rubuta shi da shi, akwai wata manhaja da ke tattara su ta ɗaure wuri guda kamar damin dawa, sannan waya ta iya saukewa. Lokaci-lokaci masu manhajar kan fitar da sabuwa, ni da fitowa ta huɗu na fara aiki. Wata biyu da suka wuce aka saki ta biyar, aka ce ta fi sauri, manomi zai rage kashe data, kuma an kusa daina gyara ta huɗun. Zumuɗi ya kwashe ni, na ce sai na koma ta biyar ɗin. Masu manhajar sun rubuta dogon bayanin abin da ya canza, ni kuwa layi uku na sama na karanta na wuce. Ashe can ƙasa sun faɗa ƙarara: tsohuwar tana juya rubutun shafi ya zama irin wanda tsofaffin wayoyi ke ganewa, sabuwar ta daina sai in kai ka umarce ta. Na gwada a wayata da kwamfutata, komai ras, na ɗora. Ko Kawu ban gaya wa ba, a ganina ba ruwansa.

Tun daga ranar, duk mai tsohuwar waya in ya buɗe shafin, farin allo kawai yake gani. Tsofaffin wayoyin kuwa a ƙauye suke, Kashin Zama da Karaye da Jandutsi. Masu sababbi 'yan cikin gari ne.

Abin da ya fi ƙona min rai, Gwaggo, na tambaya fa. A makon na je biki Kashin Zama, duk dattijon da na durƙusa na gaisar sai na tambaye shi yaya shafi, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Mahaifina malami ne, da yawansu a zaurensa suka yi karatu, ba wanda zai dubi 'yar Malam a tsakiyar biki ya ce aikinta ya lalace. Na dawo gida ina ta murna kamar wata shashasha.

Sai rabon iri ya zo. Kawu ya saka sanarwa, 'yan gari suka gani suka kwashe. Mutanen ƙauye ba su ji ba sai da ya ƙare, ga lokacin zuba iri yana wucewa. Wasu suka koma kan irin kasuwa da ba su yarda da shi ba, wasu suka rage fili. Da magana ta fashe ba wanda ya ambaci sunana, cewa aka yi Ɗalha ne ya toshe wa mutanen ƙauye don 'yan gari su amfana. Da na gano matsalar, layi ɗaya na ƙara a saitin manhajar, shafi ya dawo. Wannan ma ya ƙara masa laifi, wai da ya ga an gama rabo sai ya buɗe.

Asabar za a zauna a tsige shi. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana musu hidima, yanzu ko majalisa ba ya zama. Shekaranjiya ya zo gidanmu, shi ne ma yake ba ni haƙuri wai ya jefa ni cikin rigima. Na kasa haɗa ido da shi. In na yi magana, dattawan nan za su ce dama sun faɗa, su karɓe aikin. In na yi shiru, ban san yadda zan ƙara gaishe shi ba. Wani lokaci sai in ce ai laifin masu manhajar ne, me ya kai su canza abin da ke aiki? Tsoro nake ji, kuma kunya ta hana ni sakat.

Taki,
Mai Damuwa, Aliero

AMSA

'Yata, na ji kukanki. Da yake ni ba gwanar kwamfuta ba ce, na tambayi Malam Bashar mai kula da shafin jaridar nan. Ya ce sabuntawa ba laifi ba ne, wanda ya maƙale wa tsohuwar fitowa har aka daina gyara ta shi ma zai ji jiki. Amma ki ƙyale masu manhaja, sun rubuta, ke ce ba ki karanta ba. Kuma kin gwada a wayarki alhali ba don ke aka yi shafin ba. Dattawan Kashin Zama ma suna da nasu kason, kara ta hana su magana, sai dai ke ma kin san mutanenki: wanda ya yi tambaya a cikin gaisuwa, amsar gaisuwa zai samu. Da kin ce su miƙo wayar ki duba, da an huta.

Duk wannan kuskuren aiki ne, ana yin sa ana yafewa. Shirun nan shi ne bai da uzuri. Tsoronki gaskiya ne, za a yi surutu, ba zan ruɗe ki ba. Amma mace ta yi kuskure ta tashi a gaban taro ta amsa, wannan bai kai munin a gano daga baya cewa ta ɓoye ba, kuma irin wannan magana ba ta ɓoyuwa.

Ki fara da Kawunki, yau, ki tafi da mahaifiyarki. Kada ya ji a bakin taro tare da kowa. Ranar Asabar kada ki cika su da Turanci. Ki ari tsohuwar wayar wani mutumin Karaye, ki cire layin nan da kika ƙara ki nuna musu yadda shafin ya lalace, sannan ki mayar da shi a gabansu su ga ya dawo. Ki roƙi a sa waɗanda suka rasa iri a sahun gaba a rabo mai zuwa. In sun bar miki aikin, ki ajiye tsohuwar waya don gwaji, ki karanta bayanin kowace fitowa har ƙarshe, kada ki taɓa manhaja dab da rabon iri, kuma babbar sanarwa a riƙa faɗar ta a masallatai.

Mai yiwuwa su karɓe aikin. Ki shirya wa hakan. Shafi kam za ki gina wasu da yawa, ga ƙuruciya ga ilimi, amma Kawunki a shekarunsa ba shi da lokacin sake gina suna. Ɗauki mayafinki ki tafi gidansa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya wanke shi a idon jama'a, ya sa albarka a abin da manoman nan suka samu suka shuka.

Gwaggo Atika