Maganar da Ke Tayar da Baba

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan? Mu nan lafiya. Baba yana cin abinci, jininsa ma ya sauka. Mantuwar ce dai sai addu'a. Jiya ya tarbe ni kamar baƙuwa, har da jawo mini kujera.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Tun da jaridarmu ta rufe na buɗe shafi a intanet, ina rubutu kan jinyar mai ciwon mantuwa. Ban sa sunan kowa ba. Wata shida mutum talatin ke karantawa, rabinsu ƙawayena ne masu jin kunyata. Sai na je wurin tsohon editanmu. Ya ce in daina wa'azi, in rubuta abin da idona ya gani, in riƙa fitarwa duk Talata ba fashi, in kuma amsa kowane sharhi.

Na bi. Na rubuta yadda Baba ke fita ƙarfe tara ya zauna a bencin gaban shagon mai gyaran agogo, na sa hoton bencin. Na rubuta cewa in ya ƙi tashi, sai a ce masa Mama ta dawo tana nemansa, nan take ya miƙe ya bi mutum ko'ina, shekara huɗu bayan rasuwarta. Wannan rubutun mutum dubu arba'in suka karanta. Mata suna aiko mini da saƙo suna kuka, suna cewa na taɓa musu inda ke ciwo. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya yi girma.

Shekaranjiya wani ya rubuta a ƙasan hoton cewa ya san bencin nan, kuma ya san tsohon. Bai ƙara komai ba. Tun lokacin gabana ke faɗuwa. Wataƙila ba komai ba ne.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Ka karanta wannan a zaune. Baba yana gida, ba abin da ya same shi. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta.

Ranar Alhamis na je ɗauko shi ƙarfe sha ɗaya, na tarar da benci ba kowa, hularsa a kai. Mai agogo ya ce wata mata ta zo, ta sunkuya ta yi masa magana a kunne, ya tashi ya bi ta yana murmushi. Shi ya zaci 'yar uwarmu ce, tunda ta san abin da ake faɗa. Na zaga layin sau uku, na leƙa kantin magani, na tambayi masu shara. Ni da na yi shekara tara ina ɗauko labarin ɓatan mutane, na kasa tuna tambayar farko da ake yi.

Bayan minti arba'in na koma gida, sai ga su a ƙofa. Matar tana riƙe da hannunsa, fuskarta cike da fara'a. Ta ce ita mai karanta shafina ce tun farko, ta ga rana ta yi masa yawa ne ta kawo shi. Har ta yaba mini, wai dabarar tana aiki daidai yadda na rubuta. Na yi mata godiya. Sai da ta tafi na tuna ban taɓa sa hoton gidanmu ba. Tagar kicin kawai na sa, da bishiyar da ke bayanta.

Ina jin matar kirki ce. Amma mutum ɗaya ce cikin dubu arba'in, sauran ban san fuskar ko ɗaya ba.

A rufa mini asiri wurin Anti tukuna.
Auta

Yaya,

Na ga amsarka, na gode da ba ka yi faɗa ba. Allah ya ƙara wa bayan sauƙi.

Na goge rubutun da hotunan, na rufe shafin. Editan ya kira yana cewa ba a kashe shafi lokacin da ya fara tashi. Shi ne kuma ya nuna mini cewa wasu shafuka shida sun kwafe rubutun, da hoton bencin, kuma ba ni da iko a kansu.

Na gwada koya wa Baba kada ya bi kowa sai ni. Ya gyaɗa kai, ya ce to. Bayan minti goma na sa maƙwabciya ta gwada shi da maganar Mama. Ya miƙe yana neman takalminsa. Likita ta ce abin da ya riƙe ya riƙe ke nan, sabo ba zai shiga ba.

Don haka na sa kwaɗo a ƙofa. Kwana biyar bai ga bencin ba. Ƙarfe tara yana yi sai ya yi shiri ya tsaya yana jijjiga ƙofar, yana tambayata cikin ladabi ko na san mai gidan nan, a roƙe shi ya buɗe masa. Ni nake tsaye a bayansa da makulli a aljihu.

Ka zo, Yaya. Ko mako ɗaya ne, ka zauna kusa da shi a bencin nan, ya sha iska. Ni duk wanda ya wuce ya kalle mu, sai in ga kamar ya karanta.

Ƙanwarka, Auta